Allurar Maleji Ta Kwanta Bayan An Sauya Inji? Ga Yadda Ake Haɗa Ta da Sabuwar Ƙwaƙwalwar Mota

Wanda ya saba hawa motar haya daga Gummi zuwa Gusau, ta Daki Takwas da Anka, ya san abin da ake magana a kai. Golf ko Sharon na sharara gudu, amma idan aka leƙa gaban direba sai a ga allurar maleji kwance a kan sifili, 'yar'uwarta mai nuna juyin inji ita ma ta yi shiru. A tambayi direba, amsar kusan ɗaya ce: tun ranar da aka sauke tsohon inji aka ɗora na Beljiyam, ko aka sauya giyabos, ko aka canza ƙwaƙwalwar motar, allurorin ba su sake motsi ba. Mai rewaya ya haɗa wayoyin da za su tayar da mota, sauran ya ƙudundune su da salatif ya cusa bayan dashbod.

Ba ado kaɗai aka rasa ba. Direban da ba ya ganin maleji da kunne yake auna gudunsa, kunne kuwa yana sabawa da ƙara. Ƙidayar kilomita ta tsaya, don haka juyen baƙin mai ya koma kintace. Ita kanta ƙwaƙwalwar tana bukatar sanin gudun mota: da shi take riƙe inji kada ya mutu idan aka taka birki a gaban bam, da shi kuma giyar otomatik ke sanin lokacin sauya giya.

Kafin a ci gaba, akwai 'yar matsalar suna. Hausa waya ɗaya gare ta ga zaren lantarki da kuma abin kira. A nan duk inda aka ce waya ta lantarki ake nufi, ɗayar kuwa wayar hannu za a riƙa ce mata, kuma aikinta a wannan gyara ba ƙarami ba ne.

Wace ƙwaƙwalwa ake nufi?

Ita ce 'yar kwamfutar da ke lissafin man da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. A takarda ECU ake rubuta ta, a gareji kuwa birenbos. Wadda ba ta zo da motar daga kamfani ba iri uku ce ake cin karo da ita. Mafi yawa ita ce wadda ta biyo injin Beljiyam, wato ta wata motar ce daban aka dasa. Sai wadda aka ƙera musamman don a saita ta da hannu a kan kowane inji, irin su Haltech da Link, da MegaSquirt da ta fito tun 2001, da Speeduino wadda aka gina a kan allon Arduino Mega 2560, allon da ɗaliban lantarki da yawa suka sani. Ta uku ita ce ƙaramar ƙwaƙwalwar da ake ƙara wa mota idan an mayar da ita mai amfani da iskar gas ta CNG, abin da ya samu karɓuwa bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Ita ma tana bukatar sanin juyin inji kafin ta sauya daga fetur zuwa gas.

Sun bambanta a farashi da siffa, amma ƙa'idar haɗa su da agogon gaban direba ɗaya ce.

Allura ƙirge take yi

Wannan shi ne ginshiƙin darasin. Agogon RPM bai san inji ba, maleji na lantarki ma bai san taya ba. Abin da ke isa gare su bugun lantarki ne, wuta ta zo ta ɗauke, ta zo ta ɗauke, kamar bugun zuciya. Su dai ƙirga bugun suke yi a kowace daƙiƙa, su ɗaga allura daidai da yawansa. Saboda haka duk waya da za a jona, tambaya uku ake mata: wane irin bugu take ɗauke da shi, ƙarfinsa volt nawa ne, kuma bugu nawa ne a kowane juyi? Aka kuskure ta farko ko ta biyu, allura ba za ta motsa ba, ko wani abu ya ƙone. Aka kuskure ta uku, allura za ta motsa amma ƙarya za ta riƙa faɗa, wannan kuwa ya fi shirun haɗari.

Lissafin juyin inji mai sauƙi ne. A injin mota, kowane fulogi sau ɗaya yake ƙona mai a cikin juyi biyu na karanshaf. Ke nan inji mai fulogi huɗu bugu 2 yake bayarwa a juyi ɗaya, mai fulogi shida kuma bugu 3. Idan mai fulogi huɗu yana juyi 3000 a minti, bugu 6000 ke nan a minti, wato 100 a daƙiƙa, abin da mita ke rubutawa 100Hz. Mai fulogi shida a daidai wannan juyin 150Hz zai bayar.

Ga inda abin ya shafi aljihun mutane. Tsadar mai ta sa wasu masu Camry mai fulogi shida sauke injin su ɗora mai huɗu. Agogon da ke dashbod an yi shi ne yana jiran bugu 3, yanzu 2 ke zuwa masa. Inji na juyi 3000, allura na nuna 2000. Inji na silo a 750, allura na nuna 500, sai wani ya ce silo ya yi ƙasa, a ɗaga shi, mai ya ƙara tafiya a banza. Idan akasin haka aka yi, mai shida a gurbin mai huɗu, 800 zai koma 1200 a ido. A ƙwaƙwalwar da ake saitawa da kwamfuta gyaran bai wuce sauya lamba ɗaya ba: a shiga manhajarta, misali TunerStudio ga MegaSquirt da Speeduino, a nemi saitin bugun da take aika wa agogo. Idan ƙwaƙwalwar Beljiyam ce da ba ta saituwa, sai dai a nemo agogon da ya dace da injin, ko a saka ƙaramin akwatin da ke sauya yawan bugu a tsakaninsu.

Tsohon agogo, sabuwar ƙwaƙwalwa

A tsofaffin motoci masu distiributa da koyil ɗaya, agogon RPM daga ƙafar negatif ta koyil yake ɗaukar bugunsa, ƙafar da motocin Jamus ke wa lamba 1. Wannan ƙafa ba ta wasa ba ce. Duk lokacin da aka yanke wutar koyil don fulogi ya kyasta, takan yi tsalle zuwa ɗaruruwan volt na ɗan ƙanƙanin lokaci. Da yawa daga tsofaffin agogunan wannan tsallen suke jira. Sabuwar ƙwaƙwalwa kuwa bugu mai ladabi take fitarwa, 5V ko 12V. Sai a jona daidai, komai lafiya, amma allura ta ƙi tashi, don bugun bai kai ya tashe ta ba.

Akwai akwatin da ake sayarwa don ƙara wa bugun ƙarfi. Inda babu shi, masu dabara kan ɗauki rile na mota su yi amfani da naɗin wayar da ke cikinsa a matsayin ƙaramin koyil: ƙafa ɗaya a 12V, ɗayar a taransisto mai jure babban volt wanda ƙwaƙwalwa ke kunnawa tana kashewa, sannan a ɗauki wayar agogo daga mahaɗarsu. Sharaɗin shi ne rilen ya kasance ba shi da dayod ɗin kariya a ciki, domin aikin wannan dayod shi ne shanye tsallen da ake nema.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne na juyin wannan. Mutum ya ɗauko waya daga negatif ɗin koyil ya kai ta ƙafar ƙwaƙwalwa da aka tanada don 5V. Daƙiƙa kaɗan sun isa. Ƙafar ta ƙone, wani lokacin har da abin da ke bayanta, kuma a Gummi madadinta yakan zama sai an yi aike Gusau ko Sakkwato, ko Ƙofar Ruwa a Kano, mota na zaune direba na asarar lodi. Ba a kai wayar koyil ga kowace ƙwaƙwalwa sai takardarta ta faɗa ƙarara cewa ƙafar tana ɗauka. Haka ma launin waya ba hujja ba ne, kowane kamfani da nasa. Kusan duk waɗannan na'urori ana samun zanen ƙafafunsu a intanet, kuma sauke shi a wayar hannu bai kai kuɗin fis ɗaya ba.

Motar dizal ba ta da koyil. Tsofaffinsu daga altaneta suke ɗaukar bugun, a ƙafar da aka rubuta wa W, don haka sauya altaneta ko girman fulinta na sauya abin da allura ke nunawa.

Kada a taɓa sensar karanshaf

Wani zai ce, ai ƙwaƙwalwa daga sensar karanshaf take sanin juyin inji, me zai hana a ja reshe daga can zuwa agogo? Dalili biyu. Na farko lissafin bai yi daidai ba. Sensar haƙoran wani faifai take ƙirgawa: a tsarin Bosch da ke cikin Volkswagen da Peugeot da yawa, gurbin haƙori 60 ne aka cire 2, a Ford 36 aka cire 1, a Toyota da yawa 36 aka cire 2. Wajen bugu 58 a juyi ɗaya ga agogon da ke jiran 2, allura sai dai ta ƙure ko ta rikice. Na biyu shi ne mafi muhimmanci. Wannan waya ita ce ran injin. Idan reshen da aka ja ya goge ya taɓa jikin mota, inji zai mutu nan take, kuma akwai wurare tsakanin Anka da Gummi da ba direban da ke fatan ya tsaya buɗe bonet. Sensa ta tafi ƙwaƙwalwa ita kaɗai, ƙwaƙwalwa ta ba agogo nasa ta ƙafar da aka ware masa.

Maleji

A Peugeot 504 da tsararrakinta, wata igiyar ƙarfe ce ke juyawa daga giyabos har bayan agogo. Ba ruwanta da ƙwaƙwalwa. Idan ana son sabuwar ƙwaƙwalwa ta san gudu a irin wannan mota, sai a saka sensar da ake ɗaurawa tsakanin giyabos da igiyar, igiya ta ci gaba da aikinta, sensa ta ba da bugu.

Daga zamanin Golf 3 zuwa sama, sensa ce a jikin giyabos. Iri biyu ce, kuma sai an bambance su kafin a jona. Mai waya biyu maganaɗisu ne da naɗin waya, ita ke haifar da wutarta da kanta, wuta mai hawa da sauka wadda ke ƙaruwa da gudu. A tafiyar hawainiya ba ta kai volt ɗaya ba, shi ya sa wasu malejin ba sa tashi sai mota ta ɗan yi gudu idan aka kai ta ƙafar da ba tata ba. Mai waya uku ita ake kira Hall: ɗaya ta wuta, ɗaya ta negatif, ɗaya ta bugu. Bugunta tsaf yake, ko a hankali ko da gudu. Sai dai da yawansu ba sa fitar da wuta da kansu, jan wayar bugun kawai suke yi zuwa negatif su saki. Dole wani abu ya riƙa ɗaga wayar sama, wato rizisto tsakanin wayar bugu da 5V ko 12V, galibi daga ohm 1,000 zuwa 10,000. A motar kamfani wannan rizisto a ɓoye yake cikin agogo ko cikin tsohuwar ƙwaƙwalwa. An cire ta, an tafi da shi ba a sani ba, sai a yi ta sayen sabuwar sensa alhali ta farkon lafiyarta ƙalau.

Gwajin ba ya son kayan aiki masu tsada. A sa dutse a tayoyin baya, a ɗaga tayar gaba ɗaya tak a kan abin tokara mai ƙarfi, ɗayar tana ƙasa, giya a firi, a murɗa makulli ba tare da an tayar ba. A juya tayar da hannu. Idan Hall ce, mita za ta riƙa tsalle tsakanin kusan sifili da 5V ko 12V. Idan mai waya biyu ce, a mayar da mita ma'aunin AC, za a ga 'yar wuta tana ƙaruwa da saurin juyi. Dalilin barin taya ɗaya a ƙasa shi ne, idan aka ɗaga biyun, ɗayar sai ta juya baya, cikin giyabos ya tsaya cak, mutum ya yanke wa sensa hukuncin da ba ta cancanta ba. Kwan gwaji da kyasta waya a jikin ƙarfe kuwa, dabarun zamanin kabireta ne, a kan wayar bugu ɓarna suke yi.

Akwai kuma tarkon da ke cikin Toyota da yawa na shekarun 1990: sensa ba ta zuwa ƙwaƙwalwa kai tsaye. Agogo take fara zuwa, shi ya gyara bugun ya tura wa ƙwaƙwalwa ta ƙafar SPD. Wanda ya cire dashbod ko ya sauya shi ya yanke wa ƙwaƙwalwa labarin gudu ke nan.

Sai lissafi. Ma'aunin Japan shi ne juyi 637 a kilomita ɗaya, kuma yawancin motocinsu bugu 4 ne a kowane juyi, jimilla 2548 a kilomita. A gudun kilomita 60 mita za ta nuna kusan 42Hz, a 100 kuma kusan 71Hz. Motocin Turai da na Amurka da nasu alƙaluman. Taya ma tana da ta cewa. Mai lamba 195/65 R15 tsayinta kusan milimita 635 ne, tana juyi kusan 502 a kilomita. Direban da ya ɗora 205/70 R15 don mota ta ɗaga saboda ramuka ya ƙara tsayin zuwa 668, sama da kashi 5 cikin ɗari. Inda allura ke cewa 100 da tsohuwar taya, yanzu gudun ya ƙaru da kusan 5 ba tare da ta faɗa ba. Wannan ya shafi na'urar taƙaita gudu da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya gadan-gadan daga 1 ga Fabrairu, 2017, domin da yawansu daga wannan wayar suke karanta gudu.

Inda wayar hannu ke shigowa

A nan ne matashin da ke riƙe da Android zai iya abin da ogansa ke yi da kintace. Manhajar maleji mai aiki da GPS daga tauraron ɗan'adam take karɓar saƙo, ba ta bukatar data ko sabis. Ko lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumban 2021, GPS bai daina aiki ba. A samu miƙaƙƙiyar hanya, direba ya riƙe gudu ɗaya, wani daban ya riƙe wayar hannu, ba direban ba. A ce GPS na nuna 60, ƙwaƙwalwa na nuna 45, kuma lambar da ke saitinta 2548 ce. A ninka 2548 da 45, a raba da 60, za a samu 1911. Ita ce sabuwar lambar. A sake gwadawa a gudu daban don a tabbatar. Idan malejin kamfani ya ɗara GPS da 'yan kilomita, ba lalacewa ba ce: dokar Turai ta hana shi nuna ƙasa da gudun gaskiya, ta yarda ya ɗara kaɗan.

Abu na biyu shi ne 'yar na'urar ELM327 mai Bluetooth, wadda ake sokawa a soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Soket ɗin OBD-II ne, ya zama dole a Amurka daga 1996, a motocin fetur na Turai kuma daga 2001. Da manhaja irin Torque ko Car Scanner, wayar hannu za ta nuna abin da ƙwaƙwalwa ke gani, wanda shi ne ke raba gardama. Idan manhaja na nuna juyin inji amma allura na kwance, laifin yana tsakanin ƙwaƙwalwa da dashbod. Idan mota na tafiya, manhaja na nuna gudu sifili, kuma ta fito da lambar P0500, a koma wajen sensa da wayoyinta. Ƙwaƙwalwa irin Speeduino ko MegaSquirt ba ta wannan soket take magana ba, amma manhajar RealDash na karanta ta ta USB ko Bluetooth, har ta mayar da wayar hannu cikakken dashbod kafin a gyara na motar.

Sababbin motoci

A motocin da suka biyo baya babu wayar RPM daban, babu ta maleji daban. Na'urar birkin ABS ce ke auna gudu daga tayoyi, ta sanya shi a kan wayoyi biyu da aka murɗe tare, tsarin CAN da kamfanin Bosch ya gabatar a 1986. A soket ɗin OBD su ne ƙafa ta 6 da ta 14, kuma idan an cire batir, mita za ta nuna kusan ohm 60 a tsakaninsu idan layin lafiya yake. Dashbod ɗin irin wannan mota saƙon kamfaninsa kaɗai yake ganewa. Ko dai sabuwar ƙwaƙwalwa ta iya harshen wannan motar, abin da ake dubawa kafin a biya kuɗi, ko a bar ta kamfani a wurinta tana kula da dashbod. Sensar ABS ta zamani ma waya biyu gare ta amma ba irin mai maganaɗisun nan ba ce, kuma ja mata reshe wasa ne da birki.

Idan an gama haɗi allura ta tashi amma tana rawa, musamman idan aka taka totur, to hayaniyar lantarki ce ke shiga. Wayar bugu ta bi hanya nesa da wayoyin fulogi da koyil da altaneta. Ta sensa mai waya biyu a sa mai rigar ƙarfe, a jona rigar da negatif a ɓangaren ƙwaƙwalwa kaɗai, ɗayan bakin a bar shi. Negatif ɗin sensa ya koma ƙafar da ƙwaƙwalwa ta ware masa, ba kowane kusoshi da aka gani a jikin mota ba. Mahaɗa kuma a yi ta da dalma ko matsi mai kyau a rufe da robar da zafi ke tsukewa, domin wadda aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif ba ta daɗewa a zafin bazara da girgizar hanyar Bukkuyum. Kafin a mayar da dashbod a ɗaure, a tayar da inji, a sa mita a ma'aunin Hz a kan wayar agogo: mai fulogi huɗu da ke silo a 800 ya kamata ya nuna kusan 27.